Tituna Tara na Jan Biro

Ba a taɓa yin mai hangen nesa irin shugaban sashen tsara filaye na ƙaramar hukumarmu ba. Daga kan kujerarsa yana hango unguwar da za a gina nan da shekara hamsin. Filin ne kawai bai taɓa gani ba, don takalminsa ba ya shiri da ƙasa. Jan Biro ake ce masa, in ya ba da baya.

Wata rana ɗan kwangila ya kawo zanen gidaje arba'in na ma'aikatan asibiti, waɗanda aka ce su tashi daga tsofaffin gidajensu kafin damina. Jan Biro ya shimfiɗa takardar, ya danne ta da hatimi, ya yi tsaki.

"Tituna huɗu? Malam, unguwa kake yi ko akurki? Ni fa birane na karanta."

Ya ƙara layi biyar da ja. Ɗan kwangila ya ce layukan sun cinye gida shida. Jan Biro ya ce tarihi ba ya ƙirga ɗakuna. Wata uku ana ja-in-ja, wannan ya goge, wancan ya mayar, har takardar ta huje a tsakiya. Jan Biro ya ce a bar hujin, dandali ne.

Daga ƙarshe suka shirya. Shugaba ya sami titunansa tara, ɗan kwangila ya rage wa kowane ɗaki taku biyu. Ma'aikatan asibiti kuwa ba wanda ya tambaye su. Ana babbakar giwa, wa ke jin ƙaurin zomo?

Ranar aza harsashi aka kafa rumfa a bakin babbar hanya. Jan Biro yana tsakiyar cewa jikoki za su yi masa addu'a, sai direban motar bulo ya leƙo ta taga.

"Ranka ya daɗe, rana na yi. Ta ina zan shiga?"

"Ta titi mana!"

"Wanne daga ciki?"

Aka warware zanen. Jan Biro ya ɗora yatsa a kan titi na farko, ya bi shi har ya faɗa cikin na biyu. Na biyu ya kai shi na uku. Ɗan kwangila ya shiga gyara hula. Haka yatsan ya zaga duka tara, ya dawo inda ya tashi.

Tsakanin motar da filin akwai gonar wani. Ya riga ya yi shuka.