Yadda Za Ka Karkato Babbar Wayar Lantarki Ta Biyo Ta Gidanka

Kai da aka ce za a kawo wa garinku wuta amma layin zai bi ta bayan gari, share hawayenka. Bi matakan nan, in waya ba ta zo har bisa kanka ba, a canza mini suna. Iro, wani manomi a wani ƙauye kusa da Cadawa, ya bi su tsaf, kuma ta zo.

1. Fara da sayen firigo.
Kada ka jira wuta. Mai jira shi ake mantawa. Iro ya sayar da san huɗarsa ana gab da damina, ya ɗauko firigo a amalanke, don matarsa Rahina ta riƙa sayar da ƙanƙara. Ta ce, "Malam, da mi za mu noma bana?" Ya ce, "Mai ƙanƙara ba shi noma." Haddace wannan amsa, za ka buƙace ta.

2. Gane raunin injiniya.
Injiniya yana son layi miƙaƙƙe sak, wai ya fi araha kuma ba ya yawan lalacewa. Ka ji maganar wanda ba shi da kowa a garin. Zai zo ya auna, ya kafa 'yan turaku masu jan fenti a inda za a dasa kowane poto, wato dogon ƙarfen da ke riƙe waya, ya koma buro, wato ofishinsa, a Maradi. Su kuwa masu haƙa ramuka ba su san taswira ba, turke suka sani.

3. Yi wa turakun ƙaura.
Ranar kasuwa, gari ya watse, tumɓuke su, ka matso da su wajen gidanka. Kada ka yi gaggawa, kowace kasuwa taku kaɗan, yadda ake jan rago mai gardama. A tsohon ramin, kafa turken akuya, ka ɗaure akuya. Ba a taɓa tuhumar akuya da ɓata aikin gwamnati ba.

4. Kada ka yi rowar kusanci.
Wasu a ƙofar gida suke tsayawa. Ƙananan masu buri ke nan. Iro ya kafa turke ɗaya gabas da ɗakin kwanansa, ɗaya yamma, don wutar ta rasa hanyar kauce masa.

5. Shayar da ma'aikata.
Fura mai nono da yawa. Mai riƙe da ludayi ba ya tambayar me ya sa layi ya yi gwiwa.

6. Karɓi sakamako da fara'a.
Ranar da aka ja waya, Iro ya sa babbar riga, ya fito da igiyar firigo a hannu, zuciyarsa fari fat. Ya ce wa shugaban ma'aikata, "Ranka shi daɗe, ina za ni soka?"

Mutumin ya dubi sama, ya dubi Iro. Ya ce, "Baba, wagga babbar wuta ce, wucewa takai. Ba ta shiga gida sai ta je tiransifo can bakin kasuwa an rage mata ƙarhi. In ka soka nan, kai za ka zama ƙanƙarar." Ya ƙara duban sama. "Kuma ɗakin wa anka gina ƙarƙashin waya? Ba a kwana nan. Sai a tashe shi."

Iro ya ce ɗakin ya girmi wayar. Aka ce turke ba ya ƙarya.

Aka tashe ɗakin. Wallahi na ji tausayinsa, don da hannunsa ya taya su sauke azara.

Hattara.
Alkawarin da aka yi maka waya ce bisa kanka, ba wanda ya ambaci wuta. Wanda ya rasa san huɗa, ko ɗaki, ko duka biyun, kada ya zo ƙofata. Ya nemi Iro su jajanta wa juna. Iro yana kwana a zauren surukinsa, can bakin kasuwa, kuma tsohon ba ya barci sai da ƙwan lantarki a kunne.