Rasuwar 'Yar Abijan, Kwamfutar Shagon Dauda Mai Hoto

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, iyalan Malam Dauda mai hoto na Tamaske suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarsu, wadda unguwa ta sani da 'Yar Abijan. Ta cika ranar Laraba da hantsi, bayan jinyar kwana tara.

Marigayiyar ta iso garin nan shekara goma sha huɗu da suka wuce, a saman mota, naɗe cikin bargo, lokacin da Malam Dauda ya dawo daga biɗa, wato ci-rani, a Abijan ya ce shi ya gama yawo. Tun daga ranar ba ta huta ba. Ta buga takardun neman aiki, ta buga katin suna da na biki, ta gyara hotunan katin ɗan ƙasa na rabin samarin garin. Mai haƙuri ce. An zuba mata shayi a kan madannai sau biyu, ba ta riƙe kowa a zuciya ba. Da safe takan yi gyaran murya, gurrr, sannan ta ce tit, sau ɗaya tak, kowa ya san an buɗe shago.

Cikin alheranta akwai wanda ba a iya tsallakewa. Ita ke riƙe da hoton marigayi Audu, mijin Inna Saude maƙwabciyarsu, wanda aka ɗauke shi kwana biyu kafin ya tafi biɗar da bai dawo ba. Can aka rufe shi. Hoton nan shi kaɗai ya rage, yana sanye da kwat na aro, ido ɗaya a ɗan lumshe. Inna Saude ta ƙi a buga mata shi, ta ce takarda abincin gara ce, kuma a takarda mutum ƙanƙancewa yake. Duk ranar kasuwa takan shigo ta aje kwandonta, ta gaishe shi, ta ba shi labarin gero da na jikoki. Da Malam Dauda ya gaji da neman hoton kowane mako, sai ya maishe shi fuskar allon gaba ɗaya. Kullum yana cewa gobe zai kwafe shi ya adana wani wuri. Gobe ba ta zo ba.

Ciwon ajali ya fara ne da ƙauri. Wuta ta ɗauke ta dawo da ƙarfi, akwatin da ke raba mata wuta a ciki, wanda masu gyara ke kira alimantasiyo, ya yi fat ya ƙone. Malam Dauda ya aika Madawa aka sayo wani, ya ɗaura da kansa, yana gumi yana bismillah a kan kowace waya. Aka danna. Ta yi gurrr, ta ce tit, gida ya ɗauki murna. Fuskar Audu ta fito. Daga nan ba ta ƙara motsi ba. Kibiyar ɓera, wadda ake nuni da ita a allo, ta kafe a kan kunnen Audu, madannai suka kurumce.

Ba a yi sakaci da jinya ba. An kashe an kunna har aka daina ƙirga. An cire injin buga takarda ko shi ke ja mata nauyi. Altine mai fura ta ce a shanya ta a rana, sanyi ne. Ɗan'azumi tela ya ce a mare ta a gefe, haka yake yi wa rediyonsa. An mare ta, Allah ya yafe mana. A ƙarshe aka ɗauko Mutari mai gyara daga Keita. Ya zare ƙwaƙwalwarta ya goge da abin goge fensir, ya sauya ɗan batirin nan mai kama da kwabo, ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya kanga kunne ya ji tana ƙyas, ƙyas, ƙyas can ciki. Ya ce tsohon akwatin bai tafi shi kaɗai ba, ya taɓa faifan ajiyarta, kuma faifan ba ya barin a kwafi komai. Magani ɗaya ne: a wanke ta tas a sake zuba mata komai sabo, ta tashi ta yi aiki, amma duk abin da ke ciki ya tafi, har da hoton Audu.

An gwada ɗaukar hoton allon da salula. Inna Saude ta duba ta mayar, ta ce Audunta ba shi da zane-zane a fuska.

Malam Dauda ya waiga, ga masu jiran katin biki a bakin ƙofa, ga kwandon Inna Saude a ƙasa. Ya cire hula ya sosa kai ya mayar. Ya ce wa Mutari ya rufe murfin, wadda ta mutu ba a yi mata tiyata.

Ta rasu ta bar injin buga takarda guda, wanda dama bai cika lafiya ba, da ɓera, da madannai masu ɗanɗanon shayi, da sabon alimantasiyo da bai san hawa ba bai san sauka ba. Ta bar kuma Zuhura, ɗiyar gidan, wadda a kanta ta koyi haɗa baƙi, wadda yau take rubuta wannan da biro, a yi mata uzurin goge-goge.

Ba za a kai gawa ko'ina ba. An yi mata makwanci a kusurwar shago, kan benci, an lulluɓe ta da zane mai tsabta. Aikin shago zai koma hannun wata ƙaramar kwamfuta da ake sa ran aro daga Buza. Za a riƙa buɗe marigayiyar ranar kasuwa kawai, bayan azahar, na ɗan lokaci, muddin tana iya cewa tit. Ana roƙon masu zuwa kada su taɓa ɓera, kada su kawo shawara.

Za a karɓi gaisuwa a ƙofar shago, wurin Malam Dauda. Inna Saude ta ce a sanar kada kowa ya je mata ta'aziyya, ita dai a wajenta ba a yi rashi ba.