Laka da Kujerar Gaba

"Lafiya lau, Tsoho. Ya ƙafa? Ya kishi?"

Daga ƙarƙashin mota bakaniken ya amsa gaisuwar, ƙafafunsa kaɗai ake gani. Kakansa na tsaye a bakin gareji, ya murtuke fuska. Makon jiya a-kori-kurar tsohon ta kafe a laka a hanyar gona, har sai da matarsa ta sauka ta tura. Tun ranar ta koma shiga motar jikan, a kujerar gaba ma kuwa, alhali motocin nan biyu iri ɗaya ne. Abin na cin tsohon a rai, amma ya ƙi faɗa.

"Kishin wa? Kai da ko gemu ba ka gama haɗawa ba? Motata na zo ɗauka, ɓarawon mata."

"Da ƙafarta ta shigo. Ta ce ta gaji da mijin da ke sa ta turi."

"Asiri ka yi! Laka ɗaya muke bi, kai ka wuce, ni in kafe?"

"Asirin na cikin aksul, ƙarfen da ke juya tayoyin baya, Tsoho. Naka irin na dā ne. Da taya ɗaya ta samu santsi sai ta yi ta wulwulawa ita kaɗai, 'yar'uwarta na kan busasshiyar ƙasa ta naɗe hannu. Kai kuma ka danne totur kana haƙa wa kanka rami."

Tsoho ya yi tsaki. "Totur ɗin ne ma ya watsa mata laka har ido."

"Nawa kuwa akwai faya-fayan kuloci a ciki. Taya na fara zamewa sai su matse, su kai wa ɗayar ƙarfi."

"To a kwana fa, sarkin sani? Tayar waje ta fi ta ciki gudu. Ubanka na rarrafe na fara tuƙi."

"Ai ba kulle su suke yi ba, suna barin sassauci. Ba kamar kai ba, da ko gaisawa da matata ka hana ni."

Tsoho ya kalli ƙasa. "Tunda na aure ta ba ta taɓa zama a gaban motar wani ba."

Bakaniken ya jawo jiki ya fito, ya nuna tasa motar da ke kan jak, bayanta fayau.

"Na cire aksul ɗina na ɗaura maka. Kwashi amaryarka, ni ma kishi ya ishe ni. Daga gida har gona hirarka take yi mini. Kakanka ba haka yake sa giya ba, kakanka ba ya faɗawa rami. Ni direba kawai ta mayar da ni."

Tsoho ya fashe da dariya har sandarsa ta faɗi. Ya fizge makulli, ya cire hula ya kakkaɓe kujerar gaba.

"In ka kafe ka kira ni, yaro. Zan zo in ja ka, tana zaune a nan tana kallo."