Ranar da Sarkin Ƙanƙara Ya Je Duba Tsauni

Duk wanda ya ce gaɓar Alaska ba ta haifar manyan mutane, bai taɓa sauka garinmu Lindvik ya ga Mista Orval Brekke yana takawa a bakin ruwa da safe ba. Taku ne na mutumin da ya san cewa ba don shi ba, da kifin garin nan duk ya ruɓe. Shi ne mai masana'antar ƙanƙara ɗaya tilo da muke da ita, inda masunta ke cika cikin jiragensu kafin su fita teku. Gadonta ya yi daga mahaifinsa, amma in ka ji yana ba da labari sai ka rantse shi ya fara gano cewa ruwa yana daskarewa. Muna kiransa Sarkin Ƙanƙara a gabansa, Baba Firiji a bayansa. Na farkon ya yi masa daɗi har ya sa aka rubuta shi a ƙofar motarsa.

Tawali'unsa kuwa ba a magana, shi da kansa yake yawan tuna mana da shi. Saboda tsabar tawali'u ma ya daina shiga masana'antar shekara goma da suka wuce, don kada ma'aikata su rikice da ganinsa. Matarsa Nadine ce ke buɗewa da asuba ta rufe da yamma. Shi kuma yana ɗauke da aikin da ya fi nauyi, wato zama a shagon shayi yana bayyana wa jama'a yadda ake yi.

Amma babban mutum ba ya rasa mahassada. A bana ƙungiyar masunta ta fara ƙunƙuni cewa gara ta sayi injin ƙanƙararta ta huta, har aka sa ranar ƙuri'a a watan Oktoba. Shugabar ƙungiyar, Doreen Haugen, mace ce da ta shekara talatin tana kamun kifi, ba ta yin kalma goma in biyar za su isa, kuma ba ta faɗi inda ta karkata ba. Kowa ya san duk inda ta ɗaga hannu nan sauran za su bi. In ta juya wa Orval baya, ba zai saura da mai saye ba sai masu bikin aure.

Ana cikin haka wani jirgin yawon buɗe ido ya karya farashi a farkon kaka, tafiyar kwana biyar zuwa tsaunukan ƙanƙara na arewa. Mu kusan ashirin 'yan gari muka yanki tikiti, don duk rayuwarmu muna ɗaga wa jiragen nan hannu, ba mu taɓa ganin cikinsu ba. Da Orval ya ji Doreen tana cikin masu tafiya, sai ya sanar a shagon shayi cewa shi ma zai je.

“Ba yawo zan je ba,” in ji shi. “Yawo na marasa aiki ne. Duba aiki zan je. An dame ni da labarin tsaunin nan, gara in je in gani da idona, in faɗa muku gaskiyar ingancinsa. Ita ma Doreen ta ga yadda baƙi ke girmama ilimi.”

Ranar tafiya ya iso da farar hula irin ta kyaftin mai zaren zinariya, da sanda, da ma'aunin sanyi rataye a wuya kamar lambar yabo. Nadine na biye da shi da akwati biyu. Wata tsohuwa daga cikin baƙin ta tare shi a matakala ta tambaye shi ina ne banɗaki, don ta zaci ma'aikaci ne. Ya nuna mata hanya da sanda cikin ƙasaita. Ɗakin wanki ya tura ta, amma ya yi da kyakkyawar niyya.

Mu dai mun haukace da murna. Gado mai laushi, tagar da ke kallon teku, abinci daga safe har yamma ba mai tambayarka ko ka ƙoshi. Mutanen da suka tsufa suna kama kaguwa suka yi layi suna ɗaukar hoton kaguwa a faranti. Orval kaɗai ya riƙe girmansa. Ya bi ya duba firijin sanyaya lemo, ya sa ma'auninsa a cikin miyar kifi, ya gaya wa mai dafa abinci cewa zai rubuta rahoto. Ba wanda ya san wa zai kai wa.

Kwana biyu jirgin yana ratsa tsakanin tsibirai da duwatsu masu dusar ƙanƙara a ka, sanyi yana ƙaruwa. Kowa ya sa safar hannu ya rufe kunne. Nadine ta miƙa masa mayafin wuya.

“Ajiye abinki,” ya ce, da ƙarfi yadda Doreen za ta ji daga inda take shan kofi. “Ni da sanyi abokan wasa ne. Tun ina cikin tsumma muka saba. In ya gan ni shi ke kaucewa.”

Sanyin ranar bai gane shi ba. Kafin azahar kunnuwansa sun yi ja wur, hancinsa yana ɗiga a kan ma'aunin. Da la'asar muka gan shi naɗe da mayafin Nadine mai ruwan hoda da zanen zomaye. Ya bayyana mana cewa riƙe mata yake yi kada ya ɓace.

A jirgin akwai wata Dakta Keira Lund, wadda ta kwashe shekara ashirin tana nazarin tsaunukan ƙanƙara, ita ke yi wa fasinjoji bayani a babban zaure. Ta fara ke nan, ta ce dusar da ta zuba shekaru ɗaruruwa ce ke danne juna har ta zama tsauni, sai sandar Orval ta ɗagu.

“Malama, ki yi haƙuri. Ke karantawa kika yi, ni yi nake yi. Tan nawa kika taɓa daskararwa da hannunki?”

Ta ce ko ɗaya.

“To kin gani. Shekaru ɗaruruwa. Ni awa goma sha biyu nake yi in fitar da kaya. Wanda zai shekara ɗari biyar yana aiki ɗaya, a wurina korarsa zan yi.”

Baƙin suka tuntsure da dariya suna tafi, don sun ɗauka jirgin ne ya ɗauko ɗan wasan barkwanci. Orval ya miƙe ya rusuna musu ta dama da hagu, ya saci kallon Doreen. Ita tana ɓare gyaɗa.

A rana ta uku da hantsi muka shiga mashigin ruwan da tsaunin yake. Jirgin ya rage gudu, gutsattsarin ƙanƙara na ƙwanƙwasa jikinsa, karnukan ruwa na kwance a kansu suna kallonmu kamar mu ne abin kallo. Sai ga shi a gabanmu, bango shuɗi da fari daga wannan dutse zuwa wancan, ya fi bene mai hawa ashirin tsawo. Har mu da muka girma a ƙasar nan muka yi shiru. Nadine ta riƙe ƙarfen jirgin idonta ya cika da hawaye, don tun tana amarya take cewa a kawo ta.

Orval ya ba shirun daƙiƙa goma, sannan ya hau kan akwatin rigunan ceto ya juya wa tsaunin baya.

“Jama'a, na duba. Ba zan ɓoye muku ba, girma akwai shi. Amma girma ba inganci ba ne. Ku dubi shuɗin nan. Ƙanƙarar kirki ba ta da launi. Ku dubi baƙin layin can, ƙasa ce da tsakuwa, ba a tace ruwan ba. Ga tsaga ko'ina. Babu kusurwa ɗaya da ta miƙe. Wa zai iya jera wannan a cikin jirgin kamun kifi? In ma'aikacina ya kawo mini irin wannan...”

Sai aka ji ƙara kamar an harba igwa. Wani ɓangare na bangon, girman cocin garinmu, ya ɓalle ya rufta cikin teku, ruwa ya tashi sama, tsuntsaye suka watse. Mutane suna ihu suna tsalle, wata mata ta rungume wanda ba mijinta ba. Kafin Orval ya juyo, komai ya lafa, sai igiyar ruwan da ta iso ta girgiza jirgin ta sauke shi daga kan akwatin ta zaunar da shi a cinyar wani ƙaton baƙo ɗan Texas.

Ya tashi ya gyara hula. “Kun ji da kunnenku,” ya ce. “Ina faɗa yana karyewa. Tawa ba ta taɓa yin haka a gaban mai saye ba.”

Bayan nan ma'aikatan suka saukar da ƙaramin kwale-kwale suka kamo guntun ƙanƙarar tsaunin da raga, suka kai kicin. Da muka taru cin abincin rana, mai dafa abinci ya fito da kwano biyu, ya ce za a yi wasa. Ɗaya ƙanƙarar tsauni ce, ɗaya ta inji, kowa ya ɗanɗana ya faɗi wacce ce wacce. Orval ya ɗaga sanda ya ce a dakata, bai kamata jahilai su riga masani ba. Aka buɗe masa hanya. Ya sa aka matso wa Doreen da kujera gaba.

Ya ɗauki ta kwanon farko ya ɗaga ta saitin taga. Garau take kamar gilashi. Ya ƙwanƙwasa ta da zobensa, ya kara a kunne, ya sa a baki ya lumshe ido.

“Wannan aikin gwani ne. Hannun mutum ne ya yi ta, mutumin da ya san sana'arsa. Ga nauyi, ga tsabta, ba ta gaggawar narkewa. Ban san wanda ya yi ta ba, amma na san a wurina ya saci fasaha. Doreen, ki duba da kyau. Irin abin da kuke samu ke nan kullum ba ku gode ba.”

Ya juya ga kwano na biyu. Ƙanƙarar fara ce dishi-dishi, har ta fara zama ruwa. Ya shinshina ya yamutsa fuska, ya lasa, ya tofar a cikin mayafin zomaye.

“Wannan kuwa ta tsaunin ce, ko makaho ya sani. Cikinta duk iska ce. Ga gafi, ga warin tsatsa, har da ƙarnin wani abu da ya mutu tun zamanin kakanni. Ku duba, tun ba a taɓa ta ba ta narke. Duk masuncin da ya zuba wannan a kan kifinsa, ya cuci kansa ya cuci iyalinsa. Wanda kuma ya sayar da irinta ya kamata a rufe masa shago a ƙwace makullin. Ku rubuta, ni Orval Brekke na faɗa.”

Dakta Keira ta yi gyaran murya ta ce, cikin ladabi, ta farkon ce ta tsaunin. Nauyin shekaru ne ya matse iskar cikinta, shi ya sa take garau.

Orval ya yi murmushin tausayi. Ya ce to injin ƙanƙarar jirgin nan ne ya yi ta biyun, kuma ya kamata kyaftin ya ji kunya.

“Ai injinmu ya lalace tun ranar da muka tsaya a garinku, ranka ya daɗe,” in ji mai dafa abincin. “Saya muka yi a bakin ruwa.”

Ya shiga kicin ya fito da jakar leda ya ɗaga ta sama. Mu 'yan Lindvik ba mu buƙaci karanta rubutun ba. Ga hoton Orval nan ɓaro-ɓaro a jiki, da kambi a ka, ya ɗaga babban yatsa.

“Ni na sayar musu,” Nadine ta ce, ba ta ko ɗago daga farantinta ba. “Jaka arba'in. Kana gaban madubi kana gwada hula. Shekara shida ina gaya maka bututun nan sun yi tsatsa, Orval.”

Ɗan Texas ya fara dariya, sauran mutanen zauren suka ɗauka. Wani ya shaƙe da lemo sai da aka bubbuga masa baya. Baƙi suka yi layi suna roƙon Orval ya sa musu hannu a jakar, har yanzu suna zaton wasan shiryayye ne, shi kuma ya sa, don bai taɓa iya ƙin alƙalami ba. Doreen ta kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga cinyarta ta miƙe.

“Na gode, Orval,” ta ce. “A da ina shakka.”

A watan Oktoba ƙungiyar ta kaɗa ƙuri'a, hannu talatin da ɗaya ba mai adawa. Sakatare ya rubuta a takardar taron cewa an yanke sayen sabon inji ne bisa shawarar babban masanin ƙanƙara na wannan yanki, Mista Orval Brekke. Nadine ta karɓi aikin kula da sabon injin, tana tashi daga aiki ƙarfe huɗu na yamma.

Orval ya nemi kwafin takardar. Ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin “babban masanin ƙanƙara”, ya sa ta a gilashi, ya rataye a shagon shayi daidai saman kujerarsa. Duk baƙon da ya shigo sai ya nuna masa da sanda ya ce, “Karanta. Sai da suka rasa ni suka san ko ni wane ne.”