Mantau da Ɗan Kyarkeci

A wani ƙauye can bakin daji an yi wani mutum, Mantau, wanda in ka ce ya jira ka a gindin tsamiya, ko shekara ka yi nan za ka tarar da shi. Da yayarsa Tasalla yake zaune, ita ke tuƙa masa tuwo, ita ke bin gidaje tana ba da haƙuri a kansa.

Wata rana Bagudu maharbi ya kawo masa kwikwiyo. Karyarsa ce ta ɓace a daji ta dawo da cikin kyarkeci, kowa ya ƙi karɓar 'ya'yan. Ya ce, "Ungo, ka riƙe shi kamar ɗanka." Ranar bakwai Mantau ya raba goro, ya kira wanzami don askin suna. Wanzami ya tambayi jariri, aka buɗe masa zane. Ko gashi ɗaya bai aske ba, ya koma gida da yatsa a naɗe. Suna dai ya tabbata, Na-ƙi.

Wata rana, bayan Na-ƙi ya yi ƙafafu zaƙo-zaƙo, ya cinye zakaran maƙwabta. Tasalla ta ce, "Mantau, kada ya ƙara cin kazar maƙwabta." Ya ce, "To, Yaya." Kafin mako akurkinta ya zama fayau. Da ta ɗora hannu a ka, ya ce, "Kajinki kaɗai na ba shi, Yaya. Na kula sosai."

Wata rana ƙara ta kai gaban Dagaci. Dagaci ya ce, "Naman daji ba ya zama da mutane. A harbe shi." Mantau ya rungume wuyan Na-ƙi ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗana ne. Kai ma ka ci goron sunansa." Aka yi dariya, Dagaci ya ji kunya. Ya ce, "To, ranar da ƙafarsa ta sake taka ƙasar garin nan, Bagudu zai harbe shi." Washegari sai ga Mantau a kasuwa, Na-ƙi a saɓe a kafaɗarsa, ƙafafu na reto, Bagudu na biye da bindiga ya rasa abin yi.

Da nauyi ya ishe shi, ya ƙetare rafin da ya yi iyakar gari, ya kafa bukka. Tasalla ta yi kuka ta gaji, ya ce shi da ɗansa ba mai raba su. A daminar nan birai suka sauko wa masara. Gonakin da ke kusa da bukkar ko zangarniya ba su taɓa ba, warin kyarkeci ya kore su. Sai suka tattara a gonar Dagaci, da ke ɓangaren gari.

Wata rana Dagaci ya zo da kansa. Ya ce, "Mantau, ka zaga da shi gonata."

"Gonarka ƙasar gari ce, ranka ya daɗe."

"To, ka saɓo shi mana."

"Bayana ya gaji." Ya tsaya yana auna kafaɗun Dagaci da ido.

Da la'asar masu dawowa daga gona suka ga Dagaci yana zaga masararsa, rawani a karkace, Na-ƙi a wuyansa, Mantau na biye yana cewa, "A hankali, ranka ya daɗe, kada ƙafarsa ta taɓa ƙasa."