Rasuwar Na'urar Hasashen Ruwa ta Gidan Don Evaristo

Da zuciya mai nauyi, cike fal da baƙin ciki, Don Evaristo Quimbayo, manomin kofi a kan tudun Pitalito, yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar na'urarsa ta hasashen yanayi. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan kantar kicin, tana da shekara shida.

Wata uku ya yi yana zaɓe kafin ya ɗauko ta. Sai da ya ƙure mai shagon da tambaya: nisan da take jin 'ya'yanta, wato ma'aunan da ake kafawa a waje, ba tare da waya ba, da ko tana da haƙurin laima. Bai yi nadama ba. Duk wanda ya taɓa shanya kofi ya san ruwan minti goma kan lalata wahalar shekara. Marigayiya kuwa da ta ji hadari sai ta ce "ƙit-ƙit-ƙit", gida ya fito da gudu a turo rufin kwano a kan shanya. Ba ta gulma, ba ta neman komai sai batir biyu.

Abokiyar hamayyarta ɗaya ce a duniya, gwiwar hagu ta uwargida Doña Herminda, wadda ita ma ke sanar da ruwa, kuma kyauta. Shekara shida ba sa ga maciji.

Ciwon ajali ya samo asali daga soyayya. Kullum da safe Don Evaristo kan tsaya a kanta yana kurɓar ruwan mazarƙwaila mai zafi, yana ɗiga mata. Tururuwa suka bi zaƙi suka tare a cikinta. Ta fara mantuwa, ta koma nuna hoton rana ko ana tsuga ruwa. Ranar Litinin, da kofin bana kaf a shanye, Doña Herminda ta dafa gwiwa ta ce, "Tsoho, tashi ka tura rufin nan."

Ya ce, "Haba 'yar tsohuwa, ga ilimi na cewa rana, ke kina kawo mana ciwon ƙafa?"

Ta ce, "To zauna da iliminka, ka ci shi baɗi."

Ita kaɗai ta tura rufin tana ɗingishi. Ko zama ba ta yi ba ruwa ya kece. Washegari marigayiya ta yi "ƙit" ɗaya, siriri, ta yi shiru.

Ta bar marayu uku: ma'aunin ruwa a kan gora, ma'aunin iska da ke ta juyi bai san an yi rashi ba, da autansu mai auna laima a rumfar shanya. Mai shago ya ce sababbin na'urori ba sa jin yarensu. Don Evaristo ya rantse ba zai kawo wadda ba za ta riƙe marayun nan ba, don haka duk mai labarin irin wannan ya taimaka.

Za a binne ta ranar Asabar, ƙarfe goma, a gindin ayabar bayan gida. Akwai baƙin kofi da burodin rogo. Hasashen marigayiya na ƙarshe ya ce za a yi rana. Amma Don Evaristo, da ƙaramar murya, yana roƙon jama'a su zo da laima, domin ya tambayi gwiwa.