Madubina da Tsakar Gidan Alhaji Bappa

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da kallon taurari ya kusa raba ni da aikina. Lokacin ban daɗe da kama haya a unguwar Shamaki ba, sabon malamin makaranta, ga ni gwauro, babu wanda ya san halina tukuna.

Na sayi madubin hangen nesa a gwanjo, na sauke manhajar da ke faɗin sunayen taurari a waya, shi ke nan na fara jin kaina masani. (Tsakani da Allah, ban da wata babu abin da nake iya nunawa da tabbaci.) Ran nan manhajar ta ce bayan magariba wata tauraruwa mai haske za ta raɓi jinjirin wata, can ƙasa-ƙasa ta yamma. Katanga ta tare mini, sai na ɗare ƙarfen tankin ruwan gidanmu.

Abin da ban sani ba, da yake a kwatas ɗin ma'aikata na tashi, shi ne a irin wannan unguwa namiji ba ya hawa sama sai ya ɗaga murya ya sanar, don matan maƙwabta su kintsa. Ni kuwa na hau shiru kamar ɓarawon kaji, na saita madubi daidai saman gidan maƙwabcina Alhaji Bappa, inda iyalinsa ke shan iska a tsakar gida babu mayafi.

Wallahi ban ga kowa ba. Salati kawai na ji, sai wata ta ƙwalla ihu: "Ga ƙato can yana leƙenmu da madubi!"

Kafin in sauko lungu ya cika. Aka tasa ni gaba har zauren Mai Unguwa, Alhaji Bappa na huci. "Baba," in ji shi, "gobe da kaina zan je makarantarsu, hedimasta ya san irin malamin da ya damƙa wa 'ya'yan mutane."

Malamin da aka yi wa shaidar leƙe, wa zai sake ba shi aji?

Na ce, "Ranka ya daɗe, jinjirin wata nake kallo."

Mai Unguwa ya ce, "To, nuna mana."

Muka fito waje, ashe watan ya riga ya faɗi! Wani daga baya ya ce, "Ka ji maƙaryaci." Na yi ta juya waya sama, har Allah ya haɗa ni da cincirindon taurarin nan da ake kira Kaza da 'Ya'yanta. Na miƙa wa Mai Unguwa madubin, na nuna masa wurin.

Ya daɗe yana kallo. "Ikon Allah! Ashe 'ya'yan nata sun kai haka yawa? Bappa, zo ka gani."

Alhaji ya karɓa yana harara ta, ya duba, ya sauke, ya sake dubawa. Da ƙyar ya saki madubin.

Mai Unguwa ya gyara murya. "Na gane. Yaron nan ba ɗan iska ba ne, wawa ne kawai. Ba shi haƙuri, Malam, magana ta mutu a nan."

Na durƙusa na ba da haƙuri, har da na sisin kwabon da ban ci ba. Na koma gida ina hamdala. A ranar na koyi cewa akwai lokacin da babban rabon mutum shi ne dattijo ya kira shi wawa a bainar jama'a, shi kuma ya ce, "Na gode, ranka ya daɗe."